Daga kantin kemis zuwa ɗakin awon ji: matakan da na bi wajen neman maganin raunin ji

Na daɗe ina ɗora wa ɗalibaina laifi kafin in yarda cewa matsalar a kunnena take. Lissafi nake koyarwa a wata makarantar sakandare ta 'yan mata, kuma tun wajen 2019 na lura cewa idan yarinyar da ke kujerar baya ta amsa tambaya, muryarta nake ji amma ba na tsintar kalmomin, sai in daka mata tsawa in ce ta buɗe baki ta yi magana. A gida maiɗakina ta sha ƙorafi cewa ina ƙure rediyo har maƙwabta su san tashar da nake saurare, kuma idan ta kira ni daga madafa kunnen uwar shegu nake yi mata. Abin da ya karya mini gardama ya faru ne a ɗaurin auren 'yar yayana a 2022, inda na tsaya a matsayin wakili. Liman ya nemi in maimaita sadakin da aka ambata, na buɗe baki na faɗi wani adadi dabam, jama'a suka bushe da dariya, ni kuwa na koma gida da kunyar da ta hana ni barci. Daga ranar zuwa lokacin da na samu abin da nake nema an ɗauki fiye da shekara guda, kuma kusan rabin wannan lokacin na ɓata shi ne wajen ƙwanƙwasa ƙofofin da ba su ne ba, shi ya sa na ga ya dace in jera matakan kamar yadda na taka su.

Akwai abubuwa biyu a tarihina da ban taɓa haɗa su da wannan matsala ba sai da likita ya tono su. Na farko, tun ina yaro kunnena na hagu yakan zubar da ruwa mai wari duk lokacin da na yi mura ko damina ta kankama, mahaifiyata ta ɗumama man ja ta ɗiga mini, ya ɗauke na wasu watanni ya sake dawowa, har na girma ina ɗaukar abin a matsayin halittata. Na biyu, mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da injin niƙa a bakin kasuwa, kuma tun ina ɗan shekara 10 har na gama kwalejin horar da malamai a can nake yini bayan an tashi daga makaranta da kuma lokacin hutu. Idan muka kashe inji da magariba kunnuwana sukan yi ta ƙara shuu har gari ya waye, mu kuwa a lokacin abin wasa muka ɗauke shi.

Matakin farko da na ɗauka shi ne na kowa, wato kantin kemis na unguwa. Mai kantin bai leƙa kunnen ba, ba shi ma da abin leƙawa, ya ce dauɗa ce ta taru, ya ba ni wani maganin ɗigawa a ƙaramar kwalba. Duk lokacin da na ɗiga a kunnen hagu sai in ji ɗacinsa a maƙogwaro, abin da ya ba ni mamaki amma ban bi ta kansa ba. Bayan mako biyu ba canji, sai wani abokin aiki ya kai ni wurin masu sakace kunne a kasuwa, aka zura mini wani siririn ƙarfe da auduga aka ciro abin da aka ciro, na biya, washegari kunnen hagu ya kumbura ya fara zubar da mugunya fiye da da. Ban daddara ba. Na ga tallan wata na'urar ji a waya, na aika naira 12,000 aka kawo mini ita ta tashar mota. Na'urar ƙara kawai take ƙarawa ba tare da zaɓi ba: hayaniyar babura, ƙarar fanka da kukan awaki duk suka taso mini, maganar mutane kuwa tana nan a dagule, ga wani fito da take yi idan na motsa muƙamuƙi. Araha ba ta ado. Kwana 5 na yi da ita na jefa ta cikin durowa.

A watan Nuwamba na 2022 na je babban asibitin garinmu. Na yanki kati, na zauna daga ƙarfe 8 na safe har bayan azahar kafin layi ya zo kaina. Likitan ya saka wata 'yar fitila mai baki kamar mazurari a kunnena, ya ce na dama a toshe yake da dauɗa, na hagu kuma cike yake da mugunya har ba ya hango dodon kunnen, kuma gaskiyar magana ba su da kayan aikin da za a auna ji a wurinsu. Ya rubuta mini takardar turawa zuwa sashen kunne, hanci da maƙogwaro na wani asibitin koyarwa da ke tafiyar kusan awa 3 daga garinmu. A nan na yi kuskuren da ya ci mini kuɗin mota a banza: ban tambayi ranakun da sashen yake ganin sababbin marasa lafiya ba, na yi sammako ran Laraba na isa, aka ce mini ranar tiyata ce, likitocin duk suna ɗakin aiki. Abin da na iya yi a ranar shi ne buɗe fayil a ofishin ajiyar bayanai, inda aka nemi takardar turawar da lambar waya da sunan makusanci, na biya naira 2,000, aka ba ni ƙaramin kati mai lamba, sannan ma'aikaciyar jinyar sashen ta duba littafinta ta rubuta mini ranar dawowa bayan mako 5. Ta ce mini, "Malam, wannan katin ka riƙe shi kamar katin banki, in ya ɓata sai an wuni ana neman fayil ɗinka."

Ranar ta faɗo a cikin Janairun 2023, daidai lokacin da takardun naira suka fara wahalar samu, don haka na kwana a gidan wani ɗan'uwa a birnin domin in kama layin biyan kuɗi da wuri. Ƙarfe 7 na ajiye katina, na zama na 14, aka kira ni wajen 11. Wani matashin likita ne ya fara yi mini tambayoyi, kuma tambayoyin sun fi duban tsawo: yaushe abin ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, wane kunne ya fi, ina jin ƙara ko jiri, na taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko hangum, an taɓa yi mini allurai masu yawa a jere saboda tarin fuka ko wata doguwar jinya, ina da ciwon suga ko hawan jini, akwai kurma a danginmu, wane irin aiki na yi a rayuwata. Da na ambaci injin niƙa sai ya ɗago kai ya tambaye ni shekara nawa na yi a wurin. Na kuma ciro kwalbar kemis daga aljihu na miƙa masa, ya karanta, ya girgiza kai. Ya ce maganin yana ɗauke da jentamaisin, kuma shi da danginsa irin su niyomaisin da sitireftomaisin suna iya lalata ji idan suka isa can cikin kunne, don haka ba a ɗiga irinsu haka kawai ga wanda dodon kunnensa yake a huje. Ɗacin da nake ji a maƙogwaro kuwa shi ne shaidar hujin, domin maganin yana wucewa ta ramin ya gangara ta wata 'yar hanya da ta haɗa tsakiyar kunne da bayan hanci.

Daga nan aka kwantar da ni a ƙarƙashin madubin ƙara girma, aka yi amfani da wani siririn bututu mai zuƙowa aka tsotse dauɗar kunnen dama da mugunyar na hagu. Ba zafi, sai dai ƙarar zuƙowar tana da ƙarfi kuma na ɗan ji jiri na 'yan daƙiƙu. Babbar likitar sashen ta zo ta leƙa, ta tabbatar da cewa akwai rami a tsakiyar dodon kunnen hagu wanda ya cinye kusan rabinsa, na dama kuma lafiyarsa ƙalau. Sai ta ɗauko wani ƙarfe mai ƙafa biyu ta buga shi a gwiwar hannunta ya ɗauki amo, ta ɗora gindinsa a tsakiyar goshina ta ce a wane gefe na fi ji. Na ce hagu, ina mai shakkar amsata, tunda hagun ne mara lafiya. Ta yi murmushi ta ce haka ake tsammani, domin idan hanyar shigar sauti ce ta toshe, amon da ya bi ta ƙashi yakan fi fitowa a wannan gefen. Ta zana mini kunne a bayan takarda ta raba shi uku: na waje da ke tattaro sauti, na tsakiya mai dodon kunne da wasu ƙananan ƙasusuwa 3 da ke miƙa girgizar, da na ciki mai siffar katantanwa inda dubban ƙwayoyin halitta masu kama da gashi suke mayar da girgizar saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa. Ta ce, "Malam, abin da ya lalace a waje ko a tsakiya sau da yawa muna iya gyara shi da magani ko tiyata. Waɗannan masu kama da gashin kuwa in sun mutu ba sa sake tsirowa. Sai mun auna za mu san wanne ne naka."

Ba a yi awon a ranar ba, domin kunnen da ke zubar da ruwa ba ya ba da sakamako na gaskiya. An ɗebi mugunyar an aika ɗakin gwaje-gwaje, aka rubuta mini maganin ɗigawa na siforofulozasin, aka koya mini in nannaɗe takarda mai laushi ta yi tsini in tsane kunnen kafin in ɗiga, in kwanta kunnen yana sama, in danna 'yar tsokar da ke bakin ramin kunne sau da yawa domin maganin ya shiga. Babban sharaɗin shi ne kada ruwa ya shiga ko ɗigo. Na tambaye ta yadda zan yi da alwala da wanka, ta ce shafar kunne da damshin yatsa daga waje ba ta da illa muddin ban zura jiƙaƙƙen yatsa cikin ramin ba, wanka kuma in shafa wa dunƙulen auduga man basilin in toshe bakin kunnen, in cire da zarar na gama. Ta hana ni tsinken auduga da gashin kaza da ashana da murfin biro, waɗanda duk na yi amfani da su a rayuwata. Cikin kwana 10 kunnen da ya shekara fiye da 30 yana wahalar da ni ya bushe.

Awon ji shi ne matakin da na fi so mai karatu ya fahimta, domin duk abin da ya biyo baya a kansa aka gina shi. An yi mini shi a watan Fabrairu, bayan na biya naira 10,000 na awo biyu. Aka shigar da ni wani ɗan ƙaramin ɗaki mai kauraran bango da ƙofa kamar ta firji, wanda da aka rufe shi na ji shirun da ban taɓa ji ba, sai ƙarar shuu ɗin nan ta cikin kaina da na daɗe da sabawa da ita. Jami'in awon yana zaune a waje muna kallon juna ta gilashi. Ya ɗora mini abin saurare a kunnuwa biyu, ja a dama shuɗi a hagu, ya ba ni maɓalli ya ce in danna duk lokacin da na ji sauti komai ƙanƙantarsa. Sautukan suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri kamar gurnanin babbar mota zuwa siriri kamar kukan sauro, yana rage ƙarfinsu har sai sun ɓace. Akwai lokutan da na ga hannunsa yana motsi a kan na'ura amma ni ban ji komai ba, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in danna don kada in faɗi jarrabawa. Kada kowa ya yi haka. Ba jarrabawa ba ce, kuma duk ƙaryar da mutum ya yi a ɗakin nan ita za a saita masa a na'urarsa. Bayan haka ya ɗora wani ɗan akwati mai girgiza a ƙashin bayan kunnena ya maimaita awon, yana sako wata ƙara kamar ta ruwan sama a ɗaya kunnen domin kada ya taya ɗan'uwansa ji. Awo na biyu na minti biyu ne kawai, an toshe kunne da wata roba ana hura iska a hankali don a ga yadda dodon kunne yake motsi.

Takardar da aka ba ni jadawali ce irin wadda nake koya wa ɗalibai: a kwance kaifin sauti daga haz 250 zuwa 8000, a tsaye kuma ƙarfinsa da ma'aunin desibel, jajayen da'irori na kunnen dama, shuɗayen alamun sau (×) na hagu. Mai lafiyayyen ji yana jin sauti a desibel 20 ko ƙasa da haka. Layin kunnena na dama ya fara kusa da daidai a sautuka masu kauri, ya yi ta gangarowa har ya faɗa rami a haz 4000 inda sai an kai desibel 65 nake ji, sannan ya ɗan ɗago. Jami'in ya ɗora biro a kan ramin ya ce wannan sa hannun injin niƙa ne, haka doguwar hayaniya take barin tabo. Kunnen hagu yana da wannan ramin shi ma, ga kuma tazarar kusan desibel 30 tsakanin abin da nake ji ta iska da abin da nake ji ta ƙashi, kuma tazarar ita ce aikin hujin. Ashe cuta biyu nake ɗauke da su, ɗaya mai gyaruwa ɗaya mara gyaruwa. A nan ne kuma na gane dalilin rigimata da 'yan kujerar baya. Wasula da hawa da saukar murya suna cikin sautuka masu kauri, waɗanda nake ji, baƙaƙe irin su s da sh da f da ts kuwa sirara ne, daidai inda jina ya faɗi. Da jami'in ya rufe bakinsa da takarda yana karanto mini kalmomi, fara da sara da shara da tsara duk suka zame mini abu guda. Muryoyin 'yan mata ga su sirara, ga tazara, ga hayaniyar aji.

A bakin wannan ɗakin na zauna kusa da wata baiwar Allah da ɗanta mai shekara 4 a cinya. Ta ce ya yi sanƙarau wata 7 da suka wuce, ya warke, amma tun daga lokacin ya daina amsa kira, kalmomin da ya iya ma suka fara zubewa, mutanen gida suna cewa kunnen ƙashi ne, wasu suna cewa iska ce ta taɓa shi. Yara irinsa ba sa iya danna maɓalli, don haka barci ake sa su a manna musu wayoyi a goshi da bayan kunne, na'ura ta karanta ko jijiyar ji tana amsa sauti. Na ji jami'in yana ce mata, "Hajiya, da an kawo shi tun satin da aka sallame ku." Daga baya ya bayyana mini cewa bayan sanƙarau katantanwar kunne tana iya fara cikewa da ƙashi cikin 'yan watanni, abin da ke wahalar da tiyatar dasa na'urar ji a cikin katantanwar idan ana buƙatarta. Ban sake haɗuwa da su ba, amma yaron bai fita daga raina ba.

Da na koma wurin babbar likita da sakamakon, ta ce shawararta ita ce a fara faci a dodon kunnen hagu, domin rufe ramin zai hana ruwa dawowa ko da jin bai ƙaru sosai ba, bayan ya warke a sake awo sannan a yi maganar na'ura. Ba ta yi mini alkawarin komai ba: ta ce facin yakan kama a mafi yawan mutane amma yana iya ƙin kamawa, kuma ramin haz 4000 yana nan ko an yi aiki ko ba a yi ba. Aka sa sunana a jerin masu jira. Azumi ya shigo, aka ɗaga ranar sau ɗaya saboda wani aikin gaggawa, har sai watan Yuni aka kira ni. Kafin nan na yi gwajin jini da na suga da na zuciya, na ga likitan sa barci, na sa hannu a takardar amincewa, ƙanina ya sa hannu a matsayin shaida. Tsarin inshorar lafiya da nake ciki ya ɗauki wani ɓangare bayan na yi zirga-zirgar neman lambar amincewa, abin da ya fita daga aljihuna, har da magani da gado na kwana 2, ya tasam ma naira 150,000, ban da kuɗin mota da ya ninka a daidai wannan lokacin saboda tashin farashin fetur. An aske mini gashin bayan kunne, aka sa ni barci, aka yanki wani siririn tantani daga kan tsokar da ke saman kunne aka shimfiɗa shi a ƙarƙashin ramin. Na farka da naɗi a kai kamar rawani da ɗan jiri, kuma na yi makonni ina jin ɗanɗanon ƙarfe a gefen harshena, wanda aka ce wata jijiyar ɗanɗano ce da ta ratsa ta tsakiyar kunne aka taɓa. Sharuɗɗan gida su ne kada in fyace hanci, in yi atishawa baki a buɗe, kada in ɗauki kaya mai nauyi ko in yawaita sunkuyo, don haka kwanakin farko a zaune na yi salla, kuma babu hawa jirgin sama sai an ba ni izini. Makonnin farko jin ya fi da muni saboda abin da aka cusa a kunnen, na tsorata ƙwarai, kuma da an gaya mini tun farko cewa haka yake da ban sha wannan fargabar ba.

Bayan wata 3 aka sake awo: facin ya kama, tazarar nan ta desibel 30 ta ragu zuwa wajen 10. Saura tabon injin niƙa, wanda ba shi da magani sai na'ura. An ba ni shawarar in sa a kunnuwa biyu domin sanin inda sauti yake fitowa da kuma jin magana cikin taro, amma na'urorin daga waje ake shigo da su, kuma darajar naira ta faɗi a tsakiyar wannan shekarar, farashin da aka faɗa mini a Fabrairu ya kusa ninkawa. Inshorata ba ta ɗauki na'ura ba. Na ci bashi a ƙungiyar adashen malamai na sayi guda ɗaya a kan naira 320,000, aka fara da dama domin a bar na hagu ya ci gaba da shan iska. Jami'in ya tura 'yar soso mai zare cikin ramin kunnen, ya matsa wani abu mai laushi kamar ƙullu ya bar shi ya daskare, da shi aka ƙera matoshi daidai kunnena, aka bar masa ƙaramar kafa don iska. Bayan mako 2 ya haɗa na'urar da kwamfuta ya shigar da lambobin takardar awona, ta yadda za ta ɗaga siraran sautukan da na rasa ta ƙyale masu kaurin da nake ji. Wannan shi ne bambancinta da ta naira 12,000.

Ranar farko ban ji daɗinta ba. Muryata ta zame mini baƙuwa, shafin littafi in aka buɗe kamar ana yaga leda, cokali a kan faranti kamar maƙera. An ce in fara da awa 2 ko 3 a cikin gida ina ƙarawa a hankali, domin ƙwaƙwalwar da ta shekara da shekaru ba ta ji waɗannan sautuka ba sai ta sake koyon tace su, kuma na koma sau 2 an rage mini wasu wurare an ƙara wasu. Kunyar sakawa ma ta dame ni, har na riƙa jawo hula ina rufe ta, sai da na tambayi kaina dalilin da ya sa ba na jin kunyar tabarau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne a duniya suke da raunin jin da ke buƙatar taimako irin wannan, don haka ba ni kaɗai ba ne, ko da yake a ɗakin malamanmu ni kaɗai ne. Kula da ita aiki ne na kullum: batirinta lamba 13 ne mai alamar ruwan lemo, yana yi mini mako guda zuwa kwana 10, ana ɓare takardar bayansa a jira kamar minti guda iska ta shiga kafin a saka, kuma ba a samunsa a garinmu sai na sayo da yawa daga birni. Zufar bazara da ƙurar hunturu su ne abokan gabarta, don haka kowane dare ina goge ta, in buɗe ƙofar batirin, in kwantar da ita a gwangwani mai tsotse damshi. Ina cire ta kafin alwala. A kasuwa da gidan biki har yanzu ina shan wahala, kuma ƙarar shuu ba ta tafi ba, sai dai ba na lura da ita sosai idan na'urar tana kunne.

Wanda zai bi wannan hanya, abin da zan gaya masa shi ne kada ya ɗiga komai a kunne kuma kada ya sayi kowace na'ura kafin a leƙa dodon kunnensa a kuma auna jinsa, domin raunin ji ba cuta ɗaya ba ce, kuma dauɗa da huji da mutuwar ƙwayoyin ciki duk da alama guda suke zuwa. Ya fara karɓar takardar turawa daga asibitin kusa, ya tambayi ranar ganin sababbin marasa lafiya kafin ya hau mota, ya tafi da duk kwalaben da ya taɓa amfani da su, ya tafi da wanda zai taya shi saurare, domin abin dariya ne amma gaskiya ne cewa mai raunin ji yakan rasa kiran sunansa a layin asibitin kunne, kuma ya same ni sau ɗaya. Ya ɗauki hoton takardar awonsa da waya ya kuma ajiye kwafi, tunda da ita za a gwada duk awon da zai biyo baya. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Jos duk suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999 domin wannan aiki kaɗai. Kuɗaɗen da na ambata na 2023 ne, a yi tambaya kafin a tashi. Abu biyu kuma ba sa jiran layin mako 5: jin da ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda cikin kwana ɗaya zuwa 3, wanda maganinsa ya fi aiki a makonni biyun farko, da kuma ruwan kunnen da ya zo da zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, kumburin bayan kunne ko karkacewar fuska. Waɗannan sashen gaggawa ake nufa da su a ranar.

Injin mahaifinmu yana nan, ƙanina ne yake riƙe da shi tare da yara 3. Jami'in awo ya gaya mini cewa iyakar da ake sa wa ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, duk ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi, kuma duk wurin da sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tazarar hannu ya ji ka, to ya kai wannan iyaka ko ya wuce. A shagonmu ihu ake yi da nuni da hannu. Na saya musu matosan kunne na soso da na rufewa irin na ma'aikatan filin jirgi, yaran suna sakawa idan ina wurin, ƙanin nawa kuwa ya ce shi ya riga ya saba da ƙarar, kalmar da ni ma na yi shekaru ina faɗa. Na karɓar masa takardar turawa, an ba shi rana a wata mai zuwa, ranar da ni ma zan koma awon shekara in kuma tambayi farashin na'ura ta biyu.